Katin Maƙalar Farfesa Maeng

Tsibiri, 28 ga Agusta

Zuwa ga Yaya Chun-hwa,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan zafin Daegu bai narkar da ke ba. Kada ki yi mamakin ganin wasiƙa. Ni da ke ba ma cika minti uku a waya ba mu ɗaga murya ba, wannan maganar kuwa ba ta son ihu.

Inna ta suma a cikin ruwa. A watan jiya ne, ranar ƙarshe ta kamun bushiyar teku. Gwaggo Gap-sun ce ta hango goran da Inna ke dafawa in ta taso shan iska yana yawo ba kowa a jikinsa, ta nutsa ta finciko ta ta ɗamara. Inna ta hana a gaya miki. Cewa ta yi, "Me za ta yi mini daga can? Ta aiko mini da littafi?"

Shekara hamsin tana nutso ba ta taɓa suma ba, kuma ruwa ba ya tsami banza. Abu ɗaya ne ya canza. Tun watan Afrilu Likita Hyon, wanda jirgin fito ke kawo mana duk Alhamis, ya sauya wa matan nutso goma sha ɗaya maganin hawan jini, ya ɗora su a kan wani mai rage saurin bugun zuciya. Ni ce nas a ɗakin shan maganin nan, da hannuna nake miƙa musu shi. Biyu daga cikinsu sun ce mini jiri yana ɗibar su in sun taso daga ƙasa.

Na gaya wa likita. Sai ya buɗe jakarsa ya zaro wata maƙala da aka yi wa hoto har ta dushe, ta marigayi malaminsa Farfesa Maeng, wadda ta ce maganin ba ya cutar da mai riƙe numfashi a ruwa. Ya miƙo mini da hannu biyu, ya kira ni da sunan gidanmu, ya ce, "Nas Bu, ki karanta in kin samu sarari." Ma'ana in ja bakina in yi shiru.

Ranar ɗaya ga Oktoba za a buɗe kamun dodon koɗi na teku. Inna har ta ɗinke ragarta. Maganin nan ba a yanke shi kwatsam, ni ba ni da ikon canza shi, ita kuma kin san ta, ba ta jin maganar kowa sai ta namiji mai farar riga.

Na zauna gaban kwamfutar ofis na shiga rumbun maƙalun likitoci. Na rubuta "matan nutso da hawan jini", ya ce babu. Na rubuta "suma", ya zubo mini dubu goma sha ɗaya. Saura kaɗan in jefa abin a teku. Shekara ashirin kina aiki a laburaren makarantar likitoci, yau dai ranarki ta zo. Ki nuna mini yadda ake yi, don ba zan tsaya ina kallo Inna ta koma ruwa a haka ba.

Ƙanwarki,
In-sil

Daegu, 2 ga Satumba

Zuwa ga In-sil,

Na samu wasiƙarki, ina gaishe ki, ina gaida Inna da Gwaggo Gap-sun, wadda ban san da bakin da zan gode mata ba. Wata guda kuka ɓoye mini. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma za mu yi wannan faɗan daga baya.

Ki ajiye takardar da likita ya ba ki tukuna. Kowace maƙala da ke cikin rumbu tana da katinta, irin katunan da muke jerawa a aljihun katako a dā, sai dai yanzu a allon kwamfuta suke. Katin ne yake faɗin abin da hoton takarda ba ya faɗi: su wane ne suka rubuta, a ina aka buga, wace irin maƙala ce, masana sun tantance ta kafin a buga ko ba su tantance ba, kuma a kan su wa aka yi gwajin. Mutane sukan tsallake katin su ruga karatun maƙala, kamar mai sayen kifi bai duba idonsa ba.

Na buɗe katin maƙalar Farfesa Maeng na gani. Lambarsa tana bayan wannan takarda, amma ba zan faɗa miki abin da ke ciki ba. Ba rowa ba ce. Ke za ki tsaya gaban likita, in ya tambaye ki inda kika gani, "yayata ce ta ce" ba amsa ba ce. Ki duba layin wurin bugawa, ki duba layin mutanen da aka gwada, ki karanta sunayen marubuta har ƙarshe.

Batun nema kuma, laifinki ne ba na rumbu ba. Kin tambaye shi da kalmomin da kuke magana da su a tsibiri. Masu tsara katunan suna da zaɓaɓɓun kalmomi da suke yi wa kowace maƙala rajista da su, suna jere a ƙasan kati. Ki samu kati ɗaya da ya yi kusa da damuwarki, ki kwashe kalmominsa, ki sake nema da su. In sakamako ya yi yawa ki ƙara kalma, in ya ƙafe ki cire ɗaya. Kuma ki riƙa rubuta abin da kika gwada a littafi, na san halinki na yin abu sau biyar cikin fushi.

Ki auna bugun zuciyar Inna kowace safiya ki rubuta. In ta tambaya ki ce sabuwar doka ce daga ofishin lafiya.

Ki huta lafiya.
Yayarki,
Chun-hwa

Tsibiri, 8 ga Satumba

Yaya,

Gaisuwa a taƙaice. Na buɗe katin!

Ashe ba a mujalla ma aka buga ta ba. A littafin taya Farfesa murnar cika shekara sittin ne, irin wanda ɗalibai ke haɗawa su kai wa malaminsu ranar liyafa. Layin tantancewa wayam yake. Mutanen da aka gwada kuwa, maza ne, 'yan shekara sha tara zuwa ashirin da huɗu. Taƙaitawar ta ce su goma sha biyu ne, a wurin ninƙaya mai ɗumi. Yaya, samari sha biyu a ruwan ɗumi! Da su ake auna Inna mai shekara sittin da takwas, a ruwan da ke sa haƙori kaɗawa.

Sai sunaye. A hoton da aka ba ni "Maeng da ɗalibansa" kawai aka rubuta da hannu a sama. A kati kuwa sun jeru su biyar, na huɗu Hyon Dae-sik. Likitanmu ne. Na karanta sau uku, na fita waje na sha iska.

Na bi shawararki a kan nema. Na tsinci wani kati a kan masu nutson wata ƙasa, na kwashe kalmomin ƙasansa: riƙe numfashi, ruwan sanyi, tsofaffi, da sunan dangin maganin. Daga dubu sha ɗaya sai ga ashirin da uku. Na bi katunan ɗaya bayan ɗaya ban buɗe ko maƙala ɗaya ba. Shida a kan ɓeraye ne, biyu a kan agwagi, na ce Inna ba agwagwa ba ce ko da tana ganin kanta haka. Wasu wasiƙu ne kawai zuwa ga edita, wasu kuma samarin soja. Huɗu suka rage waɗanda aka tantance, a kan manya, kuma dukansu bakinsu ya zo ɗaya: ruwan sanyi da kansa yana rage bugun zuciya, in aka haɗa masa da maganin abin yakan yi yawa.

Bugun Inna jiya hamsin da biyu, tana zaune tana gyaran tafarnuwa. Ta ce, "Tunda gwamnati ta fara ƙirga zuciyata, ki ce su zo su taya ni ɗaukar raga."

Alhamis mai zuwa bikin girbi ne, likita ba zai zo ba. Ke ma na san ba za ki zo ba, bana ma ni kaɗai zan jera wa marigayi Baba abinci a gaban hotonsa. Ranar sha takwas zan baje wa likita katunan nan a tebur, in ga ta inda zai ɓullo.

Taki,
In-sil

Daegu, 12 ga Satumba

Zuwa ga In-sil,

Ina gaishe ku, da fatan an yi biki lafiya. Kin yi aiki mai kyau, har kin fi wasu ɗaliban da nake koya wa a nan. Ban saba faɗin irin wannan ba, ki adana.

Amma don girman Allah kada ki baje masa komai a tebur. Kin san abin da littafin shekara sittin yake nufi. Ba a tantance shi, gaskiya ne, domin ba wanda zai mayar wa ɗalibi kyautar da ya kawo wa malaminsa. To wannan ne ya sa ba a taɓa shi. Wataƙila ranar da Likita Hyon ya ga sunansa ƙarƙashin na Farfesa ita ce ranar da ta fi kowace a rayuwarsa. In kin ce takardar banza ce, kin zagi mamaci kin kuma zage shi, ba zai ƙara jin komai ba. Maƙalunki huɗu kuma zai ce na mutanen ƙetare ne, jikinsu daban.

Ba kunyata shi muke nema ba, maganin Inna muke so a canza. Ki bar masa ƙofar fita. Sunan marubuci da ke kan kati shi ma hanyar nema ne. Ki danna sunan Farfesa ki ga me ya rubuta bayan ya wuce sittin. Ni zan duba daga nan, sai dai an rufe laburare har ƙarshen hutu.

Ki riƙe harshenki na mako guda, na roƙe ki.

Yayarki,
Chun-hwa

Tsibiri, 19 ga Satumba

Yaya,

Ina gaisuwa, kaina a sunkuye. Wasiƙarki yau Juma'a ta iso, hutu da iska sun riƙe jirgin gidan waya. Jiya na riga na tafka ta.

Na shirya in yi magana a hankali, ki yarda da ni. Na ajiye masa katunan, ya kalle su sama-sama ya ture gefe ya ce, "Nas Bu, aikinki allura da awo. Karatun maƙala ki bar wa waɗanda suka yi karatun." Nan fa jinina ya tafasa. Na ce, "Ranka ya daɗe, na karanta. Samari sha biyu ne a ruwan wanka, kuma kai ma kana wurin, ga sunanka na huɗu. Wace tsohuwa kuka gwada?"

Ƙofa a buɗe take, matan nutso bakwai suna zaune a benci suna jiran layi, har da Inna. Fuskarsa ta yi ja har wuya. Ya ce, "Malamina yana kabari, yau nas ɗin ƙauye ce za ta yi masa gyara?" Ya rubuta wa kowa magani irin na dā, ya kama jirgin rana bai ko taɓa abincin da aka kawo masa ba.

A gida Inna ta wanke ni tas. Ta ce, "Mutum ya ratso teku duk mako saboda mu, ke ki tsaya ki yi masa tsirara a gaban jama'a? Wa ya haife ki ma?" Na ce, "Ke, kuma ina so ki daɗe ki yi ta zagina." Ta jefe ni da silifa. Gwaggo Gap-sun kaɗai ta raɗa mini, "Yarinya, gaskiya kika faɗa, amma kin faɗe ta kamar mai jifan kare."

Na ji kunya, amma ban karaya ba. Da na gama karanta wasiƙarki na koma kan kwamfuta na danna sunan Farfesa. Katuna arba'in da ɗaya. Na jera su daga na ƙarshe, na bi kalmomin ƙasansu. Ga wani na shekara tara bayan littafin liyafa, a mujallar likitocin zuciya, an tantance maƙalar, shi kaɗai ya rubuta. Kalmominsa: tsofaffi, mata, ruwan sanyi, suma. Yaya, kamar da Inna ake!

Sai dai katin ba shi da taƙaitawa, maƙalar kuma ba ta cikin kwamfuta. Ban san ko ya goyi bayan maganarsa ta farko ba ne ko ya janye. In ya goya, na mutu. Na kwafe miki kundi da shafi a ƙasa. Saura kwana goma sha biyu.

Ƙanwarki mai ɗan baki,
In-sil

Daegu, 22 ga Satumba

In-sil,

Gaisuwa. Ba zan ce na gaya miki ba, tunda maganar tawa a jirgi ta kwana.

Kundin ba ya cikin namu, wani ya ara tun tuni bai dawo da shi ba. Na ɗauki hutun yini na hau jirgin ƙasa zuwa Seoul, wata tsohuwar abokiyar aikina ta sauka da ni ma'ajiyarsu ta ƙasa. Ga hoton maƙalar nan, shafi shida, na aiko ta saƙon gaggawa. Farfesa ya bi tsofaffin matan nutso talatin a gaɓar kudu. Ki duba shafi na biyar inda na ja layi. Da kansa ya rubuta cewa gwajin da ya yi da ɗalibansa a dā na samari ne, kada a ɗora shi a kan tsofaffi masu shiga ruwan sanyi.

Yanzu saura mai wuya. Ki ba likita haƙuri, a gaban matan da kika kunyata shi a gabansu. Na san ke ce da gaskiya. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Kada ki ce ya yi kuskure, ki ce kin tsinci maganar malaminsa ta ƙarshe, kin ga ya fi kowa cancantar ya riƙe ta.

Ina tsoro, In-sil. Tun ina yarinya nake tsoron ruwan nan, shi ya kore ni, ba raina ku na yi ba.

Yayarki,
Chun-hwa

Tsibiri, 26 ga Satumba

Yaya,

Ina gaishe ki, na kuma gode da tafiyar Seoul. Layin ƙarshe na wasiƙarki ban san me zan ce a kansa ba tukuna, amma na ji.

Na yi. Jiya kafin ya fara ganin kowa na tsaya a bakin ƙofa, benci cike, na sunkuya har bayana ya yi ƙara. Na ce, "Ranka ya daɗe, na yi rashin kunya, ka yafe mini." Sannan na miƙa masa maƙalar da hannu biyu, da katinta a sama, na faɗi abin da kika koya mini.

Ya daɗe yana kallon sunan Farfesa. Ya ce, "Ban san ya rubuta wannan ba. A lokacin ina aikin soja." Ya karanta har shafi na biyar, na ga ya tsaya, ya koma farkon shafin. Sai ya ninke ta ya sa a jaka ya ce, "A shigo da ta farko." Bai canza maganin kowa ba. Bai ce eh ba, bai ce a'a ba, ya hau jirginsa.

Ranar Laraba za a buɗe ruwa, shi kuma sai Alhamis zai dawo. Na rubuta wa ofishin lafiya na gunduma, na haɗa da katunan da awon Inna na kwana ashirin, ko da yake na san takarda a can sai ta yi wata kafin a buɗe ta. Wataƙila wannan ya ci aikina, na sani. In babu abin da ya canza, ranar Laraba zan riga kowa zuwa gaɓa in zauna a kan goran Inna. Sai dai ta ɗauke ni tare da shi ta shiga ruwan.

Taki,
In-sil

Tsibiri, 3 ga Oktoba

Yaya,

Gaisuwa mai yawa.

Ya zo. Ranar Laraba da jirgin farko, ranar da ba tasa ba. Mata har sun sa baƙaƙen rigunansu na roba, ni kuma ina zaune daram a kan gora, Inna tana ja ina ja. Ya tako kan duwatsu da takalmin ofis, ya tsaya gabansu ya sunkuya ya daɗe bai ɗago ba. Ya ce malaminsa ya bar gargaɗi shi ne bai gani ba, laifin nasa ne. Za a rage wa su goma sha ɗayan maganin sannu a hankali a sauya musu wani, kuma ba mai shiga ruwa sai bayan mako biyu. Ni ko kallona bai yi ba, jiya ma ta bakin Gwaggo Gap-sun ya nemi in miƙo masa almakashi. Ban damu ba.

Inna ta rasa mako biyun farko, lokacin da dodon koɗi ya fi yawa. Yau kwana uku ba ta yi mini magana ba. Tana zaune a tsakar gida tana kallon teku, tana zagina ga kaji, ta ce ni da wata mai littafi a Daegu muka haɗa baki.

Tana nan da ranta, Yaya. Jirgi yana tashi ƙarfe tara kowace safiya. Ki zo ki karɓi rabonki na zagin, ya yi mini yawa ni kaɗai.

Ƙanwarki,
In-sil